Sau Uku Aka Auna Hankalin Habsu

Da kakar bana yayata Habsu ta cika shekara tara da rasuwa. A gidanmu na Sabon Gida an yi abin da aka saba yi: aka soya masa, aka dama fura, malaman unguwa suka zo suka yi mata addu'a, yara suka kwashi sadaka suka watse. Wani tsoho da muka zauna tabarma ɗaya ya dafa gwiwata ya ce, "Mushe, shekara tara ai ta isa mutum shi huce." Na ce masa haka ne, don ba a musu da tsoho a wurin addu'a. Amma ban huce ba. Mutuwarta na karɓa tun ranar da muka kai ta makwancinta. Kwananta ne ya ƙare, nawa ma yana tafe. Abin da aka yi mata tana raye shi ne har yau yake tsaye mini a wuya, kuma shi nake so in gaya wa masu karanta wannan fili, tunda na ga ana shirin yi wa wasu irinsa.

Ni malamin lissafi ne a Madawa, shi ya sa ake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Habsu ce ta ja ni da kunne ta kai ni lakwal, wato makarantar boko, ina kuka, bayan mahaifiyarmu ta rasu. Ita ungozoma ce mai takarda, wadda muke kira sajfam. Ta fara aiki a Keita tana budurwa, daga baya aka mai da ita wani ƙaramin ɗakin haihuwa a wani ƙauye tsakanin Deule da Buza, wanda wani proje, wato shirin wata ƙungiyar agaji, yake ɗauke da nauyinsa. Ba zan ambaci sunan projen ba. Ya daɗe da naɗe kayansa ya tafi, kuma mutanensa ba su fi sauran irinsu muni ba.

Gajeruwa ce, mai sauri, mai faɗa. Ba ta iya lallashi ba, ni ma ban taɓa samun lallashi a wurinta ba. In miji ya kawo matarsa bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida, sai ta gama da matar tukuna, ta wanke hannu, sannan ta fito ta wanke mijin tas a gaban abokansa. Maza da yawa ba sa son ta. Matansu kuwa daga ƙauyukan kan dutse suke gangarowa, su wuce wani asibitin a hanya, don a hannunta suke so su sauka.

Wata bazara sanƙarau ya shigo yankin, ya kama ta. An kwantar da ita a Tawa, muka fid da rai, Allah ya tashe ta. Ta tashi kunnenta na hagu ya toshe rabi, kuma da yake ta yi jijjiga sau ɗaya a gadon asibiti, aka ɗora ta a kan wani magani mai sa barci. Ba zan ɓoye ba, watannin farko ba Habsun da na sani ba ce. Takan ɗora tukunya ta mance da ita. Takan fara magana kalma ta ɓace mata, ta tsaya tana murza yatsu tana nemanta. Ita ta fara faɗa da bakinta cewa ba za ta shiga ɗakin haihuwa ba sai ta ji kanta ya dawo daidai. Babu wanda ya tilasta mata. Ta san nauyin abin da take riƙewa a hannu fiye da duk wanda ya zo ya yanke mata hukunci daga baya.

Da ta ji sauƙi ta nemi komawa bakin aiki, sai proje ya ce dole a kai ta Yamai a auna ko tana iya mai da hankali. Ni na raka ta. Muka wuni cikin kar, babbar motar fasinja, muka isa a gajiye, muka sauka gidan wani ɗan garinmu inda sauro da zafi suka hana ta runtsawa. Washegari da safe ta sha maganinta kamar kullum, don babu wanda ya ce mata kada ta sha, muka tafi.

Awon iri biyu ne. Na farko, an zaunar da ita gaban ordinater, wato kwamfuta, haruffa suna fitowa suna ɓacewa, aka ce in ta ga harafi kaza ta danna maɓalli, in ta ga wani kada ta danna. Habsu ba ta taɓa zama gaban irin wannan na'ura ba sai ranar. Na biyu, aka sa ta cire kallabi ta tsefe kitsonta a gaban wani saurayi da ya yi sa'ar ɗanta, aka shafa mata wani abu mai sanyi mai danƙo a kai, aka kifa mata hula mai wayoyi, aka toshe mata kunnuwa da abin sauraro. Ƙara tana zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci wata daban ta faɗo, na'ura kuma tana zana yadda ƙwaƙwalwa take amsawa. Ta gaya wa saurayin kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Ya ce ba komai. Ina leƙe ta ƙofa, na ga kanta yana rinjaya don barci tana fizgo shi.

Sakamakon ya ce ta yi jinkiri wajen dannawa, ta bar haruffa da yawa sun wuce, kuma amsar ƙwaƙwalwarta ta zo a makare, ba ƙarfi. Da Faransanci aka rubuta, da kalmar da take nufin lura da natsuwa a kan abu. Amma a ƙauye ba Faransanci ake ji ba. Da labarin ya sauka daga motar proje ya shiga bakin mutane, sai ya koma "an auna hankalin Madam a Yamai, an ce ya ragu." Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi in an ce hankalin mutum ya ragu. Waɗanda suka rubuta takardar ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu da wane harshe za a karanta ta a bakin rijiya ba.

Habsu ba ta yarda ba. Ta matsa, ta rubuta, ta je ofis ta zauna, har aka amince a sake. Wajen rabin shekara ya wuce, likitanta ya riga ya tsai da maganin barcin. Wannan karon muka je da wuri ta huta. Ta danna maɓallin nan kamar tana tsince tsakuwa a wake, kusan babu abin da ya wuce ta. Ta fito tana dariya, ta ce mini, "Salihu, wanga wasan yara na." Amma zanen ƙwaƙwalwa ya fito kusan yadda ya fito a karon farko. Kwamitin proje ya zauna ya ce ci gaban da ta samu wajen dannawa ba abin dogaro ba ne, don ta riga ta san wasan, ta koye shi. Ƙwaƙwalwa kuwa, in ji su, ba ta ƙarya.

Ta sake matsawa, aka yi na uku. Ranar a fusace ta shiga, don an bar mu zaune a baranda tun safe har rana ta take, kuma ta ji wani ma'aikaci yana ce wa abokinsa ga matar nan ta sake dawowa. Ta zauna tana huci, tana danna maɓalli tun harafi bai gama fitowa ba, ta danna a wurare da yawa da bai kamata ba. Zanen ƙwaƙwalwa kuwa ya fito da kyau, ya fi na baya duka biyu. Kwamiti ya zauna ya ce zane abu ne na cikin kai, amma a ɗakin haihuwa hannu ne yake aiki, kuma hannunta ya nuna gaggawa da rashin kamewa.

Ina roƙon mai karatu ya sake bin wannan a natse. Da hannu ya yi kyau, sai aka ce ƙwaƙwalwa ce shaida. Da ƙwaƙwalwa ta yi kyau, sai aka ce hannu ne shaida. Kowane zama sai su duba awo biyun, su ɗauki wanda ya fi muni, su ce shi ne Habsu. In ɗalibina ɗan aji ɗaya ya yi mini irin wannan lissafi, jan biro zan sa in soke shafin duka.

Likitan da ya yi mata awo na uku matashi ne, yana jin Hausa, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya zauna ya dube ta a ido. Ya ce, "Madam, zan gaya miki gaskiya. Babu wanda ya auna ki kafin ciwon, saboda haka ba mu san daga inda kika taso ba. Wataƙila haka zanenki yake tun kina yarinya. Sannan wannan awon, in aka yi wa mutane da yawa, yana iya nuna bambancin masu ciwo da masu lafiya a dunƙule. Amma mutum ɗaya, yau da wani watan, yana hawa yana sauka. Wani sashensa yakan tsaya wuri guda, wani sashen yawo yake yi. Ni kaina in aka sa mini hular nan ranar da ban yi barci ba, ban san abin da za ta ce a kaina ba."

Ta ce, "To, likita, mi za ya hana ka gaya musu hakanan?"

Ya ce, "Zan gaya musu."

Ya kuma gaya musu, a gabana, bai rage komai ba. Suka yi masa godiya, suka ce bayaninsa ya ƙayatar, suka bar hukuncinsu yadda yake.

Na yi shekaru ina juya dalilinsu a raina, don in yi musu adalci. Tsoro suke ji. In suka mai da ita, wata mace ta mutu a hannunta, masu ba su kuɗin aiki za su tambaye su don me suka mai da wadda awo ya taɓa cewa tana da rauni. In suka hana ta, babu mai tambayarsu komai. Na gane wannan tsoron, kuma rayukan mata ba abin wasa ba ne. Sai dai Habsu ta ba su hanyar fita. Ta ce a kawo wata sajfam ta tsaya a kanta wata ɗaya ko biyu, ta ga yadda take karɓar haihuwa, yadda take ɗinki, yadda take auna magani. In an ga kuskure ko ɗaya, ita da kanta za ta ajiye farar riga. Aka ce mata wannan ba ya cikin tsarinsu. Kai mace Yamai sau uku yana cikin tsari, amma mutum ya taso daga kujerarsa ya zo ya ga aikinta da ido ba ya ciki.

Suka bar ta a asibitin, amma suka hana ta ɗakin haihuwa, suka ba ta kula da ɗakin magani da firjin allurar rigakafi. Ranar da na kai mata ziyara ta kaɗa mini makullan ta ce, "Ka gani? Marar hankali ita aka ba makullin magani." Muka yi dariya. Ban san lokacin dariyarta ta kusa ƙarewa ba.

Da damina ta zo, aka kira yarinyar da aka kawo a madadinta zuwa wani horo a Tawa. A cikin kwanakin aka yi ruwa mai ƙarfi tun asuba, koramar da ta raba ƙauyen da hanyar Buza ta cika ta batse. Da hantsi sai ga amalanke ya tsaya a ƙofa da wata mata mai suna Hasiya, cikinta ya tsufa, jini yana zuba har ya jiƙa tabarmar da aka shimfiɗa mata. Aka kira motar asibiti, direba ya zo bakin korama ya tsaya, ba hanyar ƙetarewa. A asibitin babu kowa sai Habsu da wata tsohuwar mataimakiya, Inna Tamo, wadda ta daɗe tana aiki tare da ita.

Inna Tamo ce ta ba ni labarin. Ta ce Habsu ta tsaya a bakin ƙofar da aka hana ta shiga, ta dubi jinin, ta ajiye makullan magani a kan taga ta shiga. Ta ɗora ƙahon sauraro a kan cikin, ta saurara da kunnenta mai kyau, ta daɗe. Ta miƙa wa Inna Tamo ta ce ita ma ta saurara. Ba motsi, ba bugun zuciya. Kafin ta taɓa komai ta fita ta sami mijin ta ce masa, "Ɗan ya riga ya koma tun kan ku iso. Uwar nika son in tsamo, in Allah ya yarda." Mabiyiya ce ta rabu tun ɗan yana ciki. Ta yi ta fama har la'asar, ta fid da ɗan, ta tsai da jinin, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta zauna riƙe da hannun matar har ruwan korama ya janye mota ta ƙetaro. Hasiya ta rayu. Tana nan har yau, ta yi wasu 'ya'yan.

Dangin mijin suka kawo wa Habsu zabi biyu da godiya. Bayan 'yan kwanaki sai ga motar proje da masu bincike, don an ce ma'aikaciyar da aka hana ta karɓi haihuwa kuma jariri ya mutu. Suka bi gida gida suna tambaya. Ko kun lura ta rikice? Ko ta maimaita magana? Ko kun san kunnenta ɗaya ba ya ji? Ko kun san an taɓa auna ta a Yamai? Mutanen da ba su da shakkar komai jiya, yau aka zuba musu ita a kunne. Kafin motar ta bar gari, surukar Hasiya tana cewa ita dama ta ji ɗan yana motsi a hanya. Inna Tamo ta rantse musu ta saurara da kunnuwanta biyu lafiyayyu ba ta ji komai ba. Hasiya da kanta, tana kwance ba jini a jikinta, ta ce tun daren da ya gabaci ranar da aka kawo ta ɗan ya daina motsi. Aka rubuta duka, sannan aka sallami Habsu saboda ta karya doka.

Da a ce ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe makullanta, Hasiya ta mutu a kan tabarma, da babu wanda zai zo bincike. Da tana nan da aikinta har ta yi ritaya. Wannan shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ta dawo Sabon Gida. Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata maganar ba. Ta kama noman wake da kiwon awaki, tana yi da irin saurin nan nata. Daga waje kamar ta warware. Amma mu na gida mun ga abin da ya shige ta. Habsun da ba ta taɓa tambayar kowa ko ta yi daidai ba, ta koma tana rufe ƙofa ta dawo ta taɓa, ta sake dawowa. In tana ba ni labari sai ta tsaya ta ce, "Salihu, na taɓa gaya maka wanga?" In na ce a'a, sai ta dube ni tana neman ko tausayinta nake ji. In ta mance inda ta ajiye ludayi, abin da kowace mace take yi sau goma a wuni, sai ta bar girkin ta zauna. Sanƙarau ya taɓa ta ya sake ta. Shakkar da aka dasa mata ba ta sake ta ba.

Ranar da matata za ta haifi 'yarmu ta fari, muna gida hutu, naƙuda ta zo da rana tsaka da gaggawa. Na ruga na kira Habsu a gona. Ta zo da gudu har zanenta yana kwancewa, ta iso ƙofar ɗakin, ta tsaya cak. Na ce, "Yaya, shiga mana!" Ta ce, "Nemo mota." Na ce, "Yaya, ke ce fa." Ta juyo, idonta jawur, ta ce, "In wani abu ya samu jaririnka, kai ma sai ka tambayi kanka. Ba ni iya ɗaukar wannan daga gare ka. Nemo mota." Na nemo mota. Ta bi mu har asibiti, ta zauna a waje cikin rana, tana jin kukan matata tana matse hannuwanta tsakanin gwiwoyi. Matar da ta karɓi 'ya'yan mutanen da ba ta sani ba shekara da shekaru, ba ta ɗauki tawa ba sai da aka yi suna.

Hawan jini ne ya ɗauke ta, wata kaka, tana tsakar gida tana sussukar wake. Ba zan ce awo ne ya kashe ta ba, don ban sani ba, kuma na ga abin da faɗin abin da ba a sani ba yake jawowa. Abin da na sani shi ne shekarunta na ƙarshe ta yi su tana tuhumar kanta, kuma matan ƙauyukan nan sun yi su babu ita.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne wasu baƙi da suka zo makarantarmu da bazarar da ta wuce. Matasa ne masu ladabi, da ƙananan alluna masu gilashi a jaka, sun ce za su auna yadda ɗalibai suke mai da hankali. Aka ba su awar ƙarshe, bayan azahar, a aji mai rufin kwano, yara da yawa ba su sa komai a ciki ba tun safe. Haruffa suna fitowa suna ɓacewa, yara suna dangwala yatsa. Ina tsaye a bayan aji ina kallonsu. Da suka gama na tambayi shugabarsu yaushe za su dawo su sake. Ta ce ba a tsara dawowa ba, makarantun da yawa. Na ce to sakamakon fa? Ta ce za a ba kowane malami, don ya san yaran da suke da rauni ya taimaka musu.

Niyyarta mai kyau ce, na yarda. Amma na san yadda ake yi da irin wannan sani a ɗakin malamai. Yarinyar da ta wuni da zazzaɓi ranar, ko yaron da ya yi sammakon ban ruwan albasa kafin ya zo aji, za a sa masa alama, alamar ta bi shi aji na gaba, malamin da bai taɓa ganinsa ba ya tarbe shi da ita. Wata rana uwarsa ta ji a kasuwa an auna ɗanta an ce hankalinsa kaɗan ne. Na gaya wa shugabar haka, muryata ta ɗaga fiye da yadda nake so, har darakta ya ja ni gefe. Na ce ni ba zan karɓi sakamakon ajina ba sai an sake awon wata rana da safe, an ga ko na farko da na biyu sun yi kama. In ba su yi kama ba, a gaya mana wanne ne yaron. Har yau ba su dawo ba. Sauran malamai sun karɓi nasu.

Nakan tambayi kaina abin da Habsu za ta ce da ta ga wannan zamani, da awon da aka kai ta Yamai dominsa ya shigo jaka yana yawo ƙauye ƙauye. Ba na jin za ta ce a jefar da na'urorin. Mace ce mai son kayan aiki; ranar da aka kawo musu sabon ma'aunin jarirai har waya ta yi mini. Ina jin tambaya za ta yi, da muryar nan tata mai sa maza su sunkuyar da kai. Wa ya auna ma'aunin? In aka maimaita, abu ɗaya yake faɗa? In hannu ya ce kaza, ƙwaƙwalwa ta ce kaza, wa ya ba ku ikon zaɓen wanda ya yi muku daɗi? Masu ilimin abin, irin likitan nan, sun san amsoshin kuma ba sa ɓoyewa. Masu sa hannu a takarda ne ba sa son ji, don awo ɗaya ya fi sauƙin ajiyewa a ofis.

Da daminar bana wata 'yar ƙanen mahaifinmu da take aure a wajen Deule ta roƙe ni in kai ta awon ciki a babur. Sai da muka kama hanya na gane asibitin da za mu. Rabona da wurin tun ranar da na je kwaso kayan Habsu. An yi masa sabon fenti, gwamnati ce take riƙe da shi yanzu. Sajfam ɗin yarinya ce ƙarama, ba ta san ni ba. Ta ɗaura wa 'yar'uwata abin awon tansiyo, wato hawan jini, ta duba, ta ɗan ɓata fuska. Ba ta rubuta komai ba. Ta ce mata, "Tashi ki tahi ƙarƙashin iccen can ki zauna, ki sha ruwa, ki huta. In kin natsu sai mu sake."

Na tambaye ta ko haka aka koya musu a makaranta. Ta ce an faɗa a makaranta, amma a nan ta ga ana yi ba fashi. Inna Tamo ce ta hore ta a kai kafin tsufa ya sa ta bar aiki. Ta ce mata wata sajfam da ta taɓa zama a nan ba ta yarda a rubuta tansiyon macen da ta sha tafiya sai ta huta an sake, in biyun suka saɓa kuma sai a ce ta dawo gobe, kada a tsorata ta a banza, kada kuma a sallame ta da ciwo.

Na ce, "Kin san sunanta?"

Ta ce, "A'a. Mutanen gari dai sun ce kanta ya taɓu, aka sallame ta."

Abin da ya rage na yayata a wurin da ta ba ƙarfinta ke nan. Akwai wata ɗabi'a mai kyau da take kare matan da ba su taɓa jin labarinta ba, babu sunanta a jiki. Akwai kuma ƙarya, ita ma ta rayu, ta fi projen da ya haife ta tsawon kwana. Ɗabi'ar ba ta bukatar taimakona, tana tafiya da ƙafarta daga hannu zuwa hannu. Ƙaryar ce aikina, kuma muddin ina numfashi duk inda na same ta zan tsaya in ƙaryata ta, ko a jarida ko a bakin rijiya. Allah ya jiƙan Habsu, ya sa aljanna ce makomarta, ya yi mata hisabi da rahamar da ba ta samu a hannun mutane ba.

Na ce wa yarinyar, "Sunanta Habsu. Yayata ce. Kanta lafiya lau yake, har ranar da ta koma ga Allah."

Kunya ta kama ta. Ta maimaita sunan a hankali, kamar mai son kada ya ɓace mata. Sannan ta ɗauki abin awon, ta leƙa ta taga, ta kira 'yar'uwata ta dawo.